Abin Da Ke Ƙarƙashin Tabarmar Arɗo

Duk wanda ya yi aiki a sashen dabbobi na Dutse a shekarun farko na jihar Jigawa ya san Malam Idirisu mai allurar shanu. Amma in ka tambayi tsofaffin abokan aikinsa abin da suka fi tunawa da shi, ba allurar za su ce maka ba, barcinsa za su ce. Mutum ne dogo siriri mai ɗan gemu, wanda Allah ya yi wa baiwar barci a ko'ina. Ya yi barci a kan benci, ya yi a kan buhun gero, ya yi a bayan a-kori-kura tana tsalle a hanyar Jahun. Ba ya juyi, ba ya minshari, da ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa shi ke nan sai an kira salla.

Wannan baiwar ce ma ta kai shi boko. A wata ruga ta ƙasar Miga aka haife shi, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ƙanen mahaifin nasa, Arɗo Bubayero, ya riƙe shi. Da aka aiko cewa kowace ruga ta ba da yaro ɗaya makaranta, ba a yi wata doguwar shawara ba. Aka duba wanda shanu suka fi shiga gonar mutane a hannunsa saboda barci, aka miƙa Idirisu. Ruga ta huta, shi ma ya huta, don a aji ba wanda ake biya wa diyyar dawa.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar a 1991, aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube su a Dutse, garin bai shirya karɓar baƙi ba. Babu gidaje. Masu mota suna jigila kullum, marasa mota suna kwana a ofis suna tsine wa sauro. Mutane suka rame, wasu suka yi ta neman a mayar da su Kano. Idirisu kuwa wata bakwai ya yi yana kwana a kan tebur, ya yi matashi da fayil, har kumatu ya yi. Sai daga baya ya samu ɗaki biyu a Takur, ya ɗauko matarsa Zulaihatu.

Aikinsa na gaskiya ba a ofis yake ba. Kowace shekara bayan kaka sai ya ɗaure kular magani a bayan babur, ya rataya jakar sirinji, ya fita rangadin ruga tara. Ana yi wa shanu allura ne da sassafe kafin a sake su kiwo, don haka dole mai allura ya kwana a rugar. Amma ba wannan kaɗai ba ne. Makiyayi ba ya miƙa wa mutum wuyan saniyarsa sai ya ga mutumin ya sha nononsa ya kwana a shimfiɗarsa. Mai ruga yakan ɗauko tabarmar da shi kansa yake kwana a kai, ya shimfiɗa wa baƙo a bukkarsa, shi ya nemi wani wurin. Baƙon da ya zo da tasa shimfiɗar, kamar ya ce ta mai gida ƙazama ce. An taɓa tura wani matashi da ya je da gadon ƙarfe mai naɗewa. An karɓe shi da fara'a, an ba shi fura, amma da gari ya waye sai aka ce masa ai shanun sun yi nisa tun jiya. Saniya ɗari uku, ko kashinsu bai gani ba.

Idirisu bai taɓa samun wannan matsalar ba. Duk inda ya sauka ɗan gida ne. Kuma yana son aikin nan so na gaske, irin wanda mutum ba ya iya faɗa wa abokan ofis don kada su yi masa dariya. Yana son ƙamshin hayaƙin ruga da magariba, yana son kukan maruƙa in an ware su daga iyayensu. Wata goma sha ɗaya na ofis haƙuri yake yi da su saboda wata ɗayan nan.

A daminar 1999 babur ya zame da shi a wani kwazazzabo, bayansa ya bugi dutse. Ya tashi ya kaɗe riga ya ce ba komai, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Bayan kuwa bai yarda ba komai ba ne. A rangadin shekarar, a ruga ta huɗu, ya kwanta lafiya, da asuba ya kasa tashi. A kwance aka dawo da shi Dutse a bayan motar hatsi, ya ce wa mutanen rugar zazzaɓi ne. Likita ya duba hoton ƙashin ya ce zai iya hawa babur, zai iya riƙe sa, amma kwana a ƙasa mai tauri ya ƙare masa.

Shugaban sashensu, Dakta Talha, mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya tayar wa Idirisu hankali. Ya kira shi ofis, ya ajiye wasu mukullai a kan tebur.

"Malam Idi, mai kula da sito zai yi ritaya," in ji shi. "Aiki ne na zama, ga fanka. Na ce kai za a ba."

"Ranka ya daɗe, a bar ni na gwada bana."

Dakta ya janye mukullan gefe. "To, ka gwada. Amma in aka sake dawo da kai a kwance, ba sai mun yi magana ba. Mukullan suna nan."

Siton nan ɗaki ne mai taga ɗaya a can sama, yana warin maganin kaska. Idirisu ya leƙa shi a kan hanyarsa ta fita, ya ji kamar an nuna masa kabarinsa. Tsoro ya kama shi sosai, ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Zulaihatu mace ce mai neman mafita kafin a gama faɗa mata matsalar. Da farko ta ce a yanki gefen katifarsu ta soso ya tafi da shi. Idirisu ya ce to a ina zai ɗaura kula, kuma wace ruga ce za ta ga mutum ya doso da katifa a bayan babur kamar mai ƙaura ta bar shanunta su kwana? Ta yi kwana biyu tana nazari. A rana ta uku ta dawo daga ɗiban ruwa da labari. Masu haƙa rijiyar burtsatse da suka yi sansani a bayan unguwa suna da wata irin katifa, ta gani da idonta an shanya. Iska ake hura mata, in an sace iskar sai ta naɗe ta zama kamar ɗankwali.

"Malam, in ka sa ta a ƙarƙashin tabarmar mai gida, wa zai sani?" ta ce. "Ka kwana a tabarmarsa, bayanka ya kwana a katifarka."

Idirisu ya daɗe yana kallon matarsa, ya ce lallai da ita aka kai boko da yanzu ita ce Dakta.

Masu burtsatsen suka ce ya nemi Nata'ala, mai kayan gwanjo a kasuwar Shuwarin. Nata'ala gajere ne mai surutu, rumfarsa cike da abubuwan da shi kansa bai san amfanin rabinsu ba. Da ya ji abin da ake nema sai ya shige ciki ya fito da guda uku.

Ta farko a kwalinta take, sabuwa. A jikin kwalin akwai hoton wata Baturiya kwance a kan katifar a tsakiyar ruwa. Shekarar 2000 ce, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jihar ba, don haka Nata'ala ya sa baƙin fenti ya zana wa baiwar Allah hijabi tun daga ka har idon sawu, ya bar mata tabarau kawai.

"Na suturta ta, Malam," ya ce. "Kaya dai lafiya lau."

Idirisu bai taɓa sayen katifa da kansa ba, amma ya sayi shanu, kuma hanyar da ya sani ke nan. Ya mutsittsika fatar tsakanin yatsunsa, ya ɗaga ta ya duba a rana, ya shinshina, ya buɗe bakin hurawar ya leƙa kamar mai duba haƙora. Roba ce siririya mai santsi, launin ruwan lemo. Aka hura ya kwanta, ya ɗan motsa, ta yi wani ƙara kamar an taka ɗan tsako. Ya tashi. Wannan ko ƙarangiya ɗaya ba za ta jure ba, kuma kafin ƙarangiyar ta zo ƙaran ya tona masa asiri.

Ta biyu shuɗiya ce, ƙatuwa, mai ɗaukar mutum biyu har da yaro a tsakiya. Nata'ala ya fi son ta, ya yi ta yabonta. Sai da famfon ƙafa ake hura ta, kuma famfon yana kuka da kowane taku. Da ta cika tsayinta ya kai gwiwa.

"Wannan ai ta amarya ce," in ji Idirisu. "In na shimfiɗa tabarma a kanta, sai a ce tabarmar ta hau rufin ɗaki."

"Wace tabarma kuma? Malam, mai wannan ya gama da tabarma har abada."

Idirisu bai yi masa bayani ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki ta ukun, wadda Nata'ala ya jefar a gefe don ba ta da kwali. Koriya ce mai duhu, ta ɗan koɗe, bayanta kamar yadin tanti, cikinta roba. Faɗinta bai kai na tabarma ba, kaurinta in ta cika bai wuce yatsu uku ba. Da baki ake hura ta. Ya hura yana ƙirgawa, a numfashi na arba'in da biyu ta tsaya. Ya zaro ƙayar da ta maƙale a takalminsa ya ɗan goga mata a gefe a hankali, fatar ba ta ko nuna ba. Ya ari tabarmar sallar Nata'ala ya rufa a kai, ya ja da baya ya duba, ya zagaya ya sake dubawa. In ba ka sani ba, sai ka ce ƙasar wurin ce ta ɗan yi tudu.

Daga nan ya ce sai an kai ta wurin Arzika mai faci a bakin tasha. Arzika ya nutsa ta cikin rabin durom ɗin ruwansa ɓangare-ɓangare, kamar yadda yake wa tayar keke, mutum uku suna sunkuye suna jiran kumfa. Kumfa ba ta fito ba. Suka dawo rumfa, Idirisu ya ce saura gwaji ɗaya, ya cire hula ya kwanta.

Rabonsa da barci mai daɗi shekara guda ke nan. Bai farka ba sai da aka kira la'asar, ya buɗe ido ya ga mutum wajen ashirin tsaye a kansa, Nata'ala yana nuna shi da sanda yana cewa jama'a su gani da idonsu, a tsakiyar kasuwa, ga jakuna ga masu goro. A ranar aka sayi shuɗiyar, aka sayi mai hijabin. Suka daidaita a kan koriyar, Nata'ala yana naɗe ta yana cewa, "Ka riƙe ta da kyau, Malam. A cikin dilar riguna ta zo, ita kaɗai. Ko Kano ka je ba lallai ka samu irinta ba."

Da kaka ta wuce ya fita rangadi, katifar tana ƙasan jakar sirinji a naɗe cikin tsohuwar riga. Dabarar Zulaihatu ta yi aiki. In an yi sallar isha an kai shi bukka, sai ya ja asabari ya rufe ƙofa, ya share ƙasa da tafin hannu don ƙaya, ya hura arba'in da biyunsa, ya mayar da tabarmar mai gida a kai. Kafin asuba ya sace iskar ya naɗe. A ruga ta biyu wata tsohuwa ta ji hucin, ta ce maraƙi ya shiga ɗakin baƙo, sai da Idirisu ya leƙo ya ce shi ne, mura ke damunsa. Da safe aka kawo masa jiƙon sassaƙe mai ɗacin tsiya, ya shanye tas, ya yi godiya. Ya wuce ruga ta huɗu, inda ya faɗi bara, a tsaye da ƙafarsa.

Ruga ta biyar ta baffansa ce, Arɗo Bubayero. Tsohon ya haura saba'in, ya tarbe shi da sanda a hannu, yana ɗan jan ƙafar hagu. Idirisu ya tambayi ƙafar, ya ce tsufa ne kawai. Shi ma ya tambayi zazzaɓin bara, Idirisu ya ce ya wuce. Suka sha fura suna hirar ciyawa da farashin dusa, kowa da abin da ya ɓoye a cikinsa. Aka ba shi bukkar Arɗo da tabarmar Arɗo, wadda ya sani tun yana yaro har inda gefenta ya ƙone.

A nan barci ya ci amanarsa. Gida ne, ga katifa, ga nono a ciki. Bai farka ba sai da ya ji ana tayar da salla, ya fito da gudu ya yi alwala ya bi sahu, ya bar komai yadda yake. Da aka idar ya tsaya duba kula ko ƙanƙarar ta narke. Sai da ya ɗago ya ga takalman Arɗo a ƙofar bukka.

Ya shiga a sanyaye. Tsohon ya shigo ɗaukar igiya ne, ya zauna a kan tabarmarsa kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Yana zaune, hannunsa ɗaya yana danna gefen tabarmar yana saki. Idirisu ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya jira a ce masa ya zama ɗan birni, ya jira a ce shanun sun yi nisa. Maimakon haka sai ya ga Arɗo ya kishingiɗa a hankali, ya miƙe ƙafar hagun nan, ya kwanta a kan kwiɓinsa, ya rufe ido. Ya saki wani dogon numfashi.

"Idi," ya ce, idonsa a rufe. "Tabarmar nan tawa ta yi laushi."

"Wataƙila raɓa ce, Baffa."

"Raɓa ce," in ji tsohon.

Ya ƙara ɗan lokaci a haka, sannan ya tashi da ƙyar, ya ɗauki igiyarsa ya fita.

Idirisu ya bi bayansa, a wajen ya haɗu da matar Arɗo, Inna Maimuna, ɗauke da ƙwaryar tatsa. Ya gaishe ta, ya tambaya cikin dabara ina Baffa ya kwana. Ta nuna masa wani turmi a kife a gindin tsamiya.

"A can, inda yake kwana kullum," ta ce. "Wata huɗu ke nan ba ya iya kwanciya. Ƙugun ba ya son ƙasa. A zaune yake gyangyaɗi, ya jingina da bishiya, in an tambaye shi ya ce shanu yake gadi. Kada ka ce na faɗa maka."

Aka shiga aiki. Samari suna kama shanu da igiya suna kawowa, Idirisu yana soka allura yana shafa wuya, hannunsa yana yi shi kaɗai don hankalinsa ba ya wurin. Ya hango Arɗo ya kira ɗansa Lado gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, Lado ya saɓa sanda ya nufi gabas da ƙafa, amma Idirisu bai kawo komai a ransa ba. Lissafin da yake yi daban ne. Saura ruga huɗu, kwana takwas a ƙasa. Ya san bayansa, ba zai kai na uku ba. Ya ga motar hatsi, ya ga mukullan Dakta Talha, ya ga tagar nan ta sama. Sannan ya ga turmin a gindin tsamiya, da mutumin da ya goya shi ranar da aka binne mahaifinsa. Ya san ko za a yanka Arɗo ba zai roƙa ba, kuma in aka miƙa masa a hannu ba zai karɓa ba, zai ce shi lafiyarsa ƙalau.

Bayan azahar ya shiga bukka haɗa kaya. Ya tsuguna, ya kai hannu bakin katifar don ya sace iskar, ya tsaya. Ba don son ransa ba ne, gaskiya, zuciyarsa ta yi ta ce masa ɗauki abinka. Sai ya sunkuya ya ƙara mata numfashi biyar, ya toshe da kyau, ya gyara tabarmar ta rufe ko'ina. Ya nemi Inna Maimuna ya ce mata in tabarmar Baffa ta rage laushi, akwai wani ɗan baki a kusurwar dama, hurawa ake yi, kuma a riƙa share ƙasan saboda ƙaya. Ta ce ta ji. Ya yi sallama da Arɗo, suka yi wa juna addu'a kamar kullum, ya tayar da babur.

Tafiyar nan ba ta yi masa daɗi ba. Hanyar babur zagaye ce, sai an bi ta bakin fadama, kuma duk ramin da ya faɗa sai bayan ya tuna masa da kansa. Ya yi nadama sau biyu, ya ji kunyar nadamar sau biyu. Ya riƙa kallon bishiyoyi da garken da ke wucewa kamar mai ban-kwana.

Da la'asar sakaliya ya isa ruga ta shida, ta Arɗo Ɗan'inna. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kai shi bukka ya ajiye jaka. Yana shiga ya tsaya cak. An kafa gadon kara sabo, ɗaurinsa ko bushewa bai yi ba. A kansa buhu uku ne a ɗinke jere, an cusa musu audugar rimi da busasshiyar ciyawa mai laushi, an shimfiɗa tabarmar mai gida a sama. Ya danna da hannu, hannun ya nutse.

"Bana ƙasa ta yi ɗanshi," in ji Arɗo Ɗan'inna daga bayansa, yana kallon rufin bukka. "Muka ce kada baƙo ya kwana a ƙasa."

Wata biyu ke nan rabon da a ga ɗigon ruwa a ƙasar Miga, ƙasar har tsagewa take yi. Idirisu ya leƙa waje. Can a inuwa Lado ne zaune yana shan fura, ƙafafunsa fari fat da ƙurar tafiya, ya ƙura wa ludayinsa ido kamar bai taɓa ganin ludayi ba. Tun da safe aka aiko shi ke nan, tun kafin Idirisu ya yanke shawarar barin komai. Tsohon bai jira a ba shi ba.

"Gaskiya ta yi ɗanshi," in ji Idirisu. "Allah ya saka da alheri."

Haka ya tarar a ta bakwai, da ta takwas, da ta tara. A ta takwas ma har matashi aka yi masa. Ko'ina ƙasa ta yi ɗanshi, kuma ba wanda ya ambaci bayan kowa. Ya shiga Dutse a kan babur ɗinsa, kula ba ko kwalba ɗaya. Dakta Talha ya gan shi ta taga, ya buɗe durowa ya jefa mukullan ciki. Wani mai ciwon gwiwa aka ba siton, ya yi ta murna.

Zulaihatu ta zazzage jaka tana neman kayan wanki, ta ga tsohuwar rigar ba komai a ciki.

"Malam, ina katifar?"

"Na manta da ita."

"Kai da ba ka taɓa manta ko tsinken allura ba?" Ta dube shi, ya sunkuyar da kai yana kwance igiyar takalmi. "A wace rugar ka manta da ita?"

"Ta Baffa."

Ta ajiye rigar, ta je ta ɗora masa ruwan wanka.

Malam Idirisu ya ci gaba da rangadinsa har ya yi ritaya, a kan buhunan rimi. Amma a shekarar da ta biyo baya, da ya isa ruga ta biyar, Arɗo Bubayero ya tarbe shi ba sanda, kumatunsa sun ɗan ciko. An kafa wa baƙo gado a wata bukka daban, tsohon ya ce tasa tana yoyo. Suna shan fura a gaban 'ya'ya da jikoki sai ya ce, "Idi, bara kamar ka manta wani abu a nan."

"Ban manta komai ba, Baffa."

"To, madalla."

Da aka idar da magariba tsohon ya yafito shi da hannu, suka shiga bukkar tasa da ya ce tana yoyo, ya ja asabari ya rufe ƙofa da kansa. Ya ɗaga gefen tabarmar. Koriyar tana nan, da faci uku na robar keke, ta ɗan kwanta.

"Innarka ta je biki kwana huɗu," ya ce a hankali. "Ni kuma numfashina ba ya kaiwa. Yaran nan kuwa ba na so su ce Arɗo ya zama ɗan birni."

Idirisu ya durƙusa, ya sa baki ya fara hurawa. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa yana tari da ƙarfi don kada a ji hucin daga waje.